Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce: Challenger Ta 1970 Da Ta Zamani

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan filinmu ne na motoci da hanya. 

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba wata mota da ta mutu, bayan shekara talatin da huɗu masu ita suka tashe ta. Sunanta Dodge Challenger, ta kamfanin Chrysler. Ta farkon ta fito a ƙarshen 1969 a matsayin samfurin 1970. Wadda aka tasa kuma ta fito a 2008. In ka hango su daga nesa sai ka ce uwa ce da 'yarta. To amma mu mun fi son mu buɗe bonet mu gani.

Bari mu fara da irin motar. Akwai wani rukuni da Amurkawa suke ji da shi, wanda za mu iya kira motoci masu ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a samu mota mai ƙofa biyu, matsakaiciya, mai araha, a cusa mata katafaren inji mai silinda takwas wanda asalinsa na manyan motoci ne, ƙarfin ya tafi tayoyin baya. Yawancin masana suna ɗora farkon wannan yayi a kan Pontiac GTO ta 1964, wadda John DeLorean da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin General Motors. A watan Afrilun wannan shekara kuma Ford ta fito da Mustang, ta tashi kan matasa. Chevrolet ta bi da Camaro a samfurin 1967.

Me ya sa a lokacin? Yaran da aka haifa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kai shekarun tuƙi. Aiki yana samuwa a masana'antu. Fetur kuwa kamar kyauta: a 1970 galan ɗaya, wato lita huɗu ba kaɗan, kimanin santi 36 ne. Wa zai damu da shan mai?

Wajen gogayya da Mustang da Camaro, Dodge ita ce ta zo a makare. Sai da kasuwar ta fara watsewa sannan ta iso da Challenger. Amma da yake ta makara, sai ta zo da shiri. Wani mai zane Carl Cameron ne ya tsara jikinta: dogon bonet, gajeren baya, fitilu huɗu zagayayyu da suka lume cikin fuska, ga wani ɗan tudu a kan tayar baya kamar motar ta yi shirin zabura. An ƙera yawancinsu a tsohuwar masana'antar Dodge da ke Hamtramck, wani ƙaramin gari da birnin Detroit ya kewaye. Masana'antar dai an rufe ta a 1980, an rushe.  

Mai saye a 1970 yana da zaɓin injuna tun daga mai silinda shida na zuwa ofis har zuwa dodon da ake kira 426 Hemi. Girmansa lita bakwai. Ku kwatanta da Corollar da ke yawo a titunanmu, mai lita 1.8 da ƙarfin doki kimanin 130. Shi Hemi an rubuta masa doki 425. Saboda girmansa da nauyinsa Amurkawa suka laƙaba masa suna giwa. Asalinsa injin tsere ne. Da shi Richard Petty ya lashe tseren Daytona 500 a 1964, sannan daga 1966 aka fara sa shi a motocin titi. Abin da ya bambanta shi shi ne rufin ɗakin da mai yake ƙonewa a saman fistin, wanda aka yi shi kamar ƙwarya a kife. Wannan siffa tana ba da wurin sa manyan bawul, iska da mai su shiga a yalwace, hayaƙi ya fita da sauri. Kafireto biyu ne suke shayar da shi, kowanne mai maƙogwaro huɗu. Akwai kuma ɗan'uwansa 440 Six Pack, lita 7.2, mai kafireto uku da doki 390.

(Ƙarar tsohon inji yana tsaye)

Kun ji wannan gurnani? To ga abin da masu labarin da can ba sa yawan faɗa. Challenger mai Hemi da aka ƙera a 1970 ba su kai ɗari huɗu ba, a cikin sama da dubu saba'in da aka yi a shekarar. Injin kaɗai ƙarin kusan dala 780 ne a kan motar da kuɗinta yake dala dubu uku da ɗari biyu da wani abu. Yana da wuyar sha'ani, yana son a riƙa daidaita kafireto da canza filogi a kai a kai. Yawancin mutane ƙananan injuna suka saya. Wato motar da ake yi wa kirari a yau, kaɗan ne suka taɓa tuƙa ta ko a zamaninta.

Sunan da ta yi ma, fim ya taimaka. A 1971 aka fitar da wani fim mai suna Vanishing Point, inda wani direba ya ɗauki farar Challenger daga Denver zai kai ta San Francisco, 'yan sanda suna bin sa jiha bayan jiha. Yaran da suka kalli wannan fim ba su manta ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare su.

Rayuwar motar ba ta yi tsawo ba, kuma abubuwa uku ne suka taru suka kashe ta. Kamfanonin inshora sun ga yadda samari ke kashe kansu da waɗannan motoci, suka tsawwala kuɗi, har ya zama biyan inshora yana neman ya kamo biyan bashin motar. Sai dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, aka kuma fara shirin daina fetur mai dalma, wanda shi ne manyan injunan nan suka dogara da shi. Dole aka rage matsin inji, ƙarfi ya zube. Bayan 1971 babu Hemi, babu 440 a cikin Challenger. Na ukun shi ne ya ƙarasa ta: a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Amurka takunkumi saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan wata. Farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Layi ya cika gidajen mai a Amurka, gwamnati ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa, wato kilomita 89 ba kaɗan. A watan Afrilu na 1974 aka daina ƙera Challenger.

Dattawanmu za su tuna wannan lokaci ta wata fuska. Tashin farashin da ya sa Ba'amurke ajiye motarsa, shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon, aka yi rabon Udoji na ƙarin albashi, ma'aikata suka shiga sayen babura da motoci. A 1975 kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Faɗuwar wani, tashin wani.

Daga 1978 zuwa 1983 an manna sunan Challenger a jikin wata ƙaramar motar Mitsubishi da aka shigo da ita daga Japan. Masoyan ta asali ba sa ma son a ambaci wannan, mu ma mu wuce.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna kwatanta Dodge Challenger ta 1970 ne da wadda aka farfaɗo da ita a 2008.

Da tafiya ta yi tafiya, yaran nan da suka kalli fim a 1971 sun zama dattawa masu abin hannu. Ford ta gane haka, ta fito da Mustang ta 2005 da siffar ta da, ta yi ciniki. Sai Dodge ta nuna samfurin gwaji a bajekolin motoci na Detroit a Janairun 2006, jama'a suka yi caa a kai, a 2008 aka fara sayarwa. Fitilun nan huɗu suna nan, tudun baya yana nan, doguwar jar fitilar baya daga gefe zuwa gefe tana nan. Har launukan da, irin su shuɗi mai ja-ja da kore shar, daga baya an dawo da su. Injin farko da aka sa mata, Hemi mai lita 6.1, aka rubuta masa doki 425. Daidai da na 1970. Ba na jin an yi haka da kuskure.

To a nan ne mai saye yake ruɗuwa, kuma ina so makanikai da dillalai su buɗe kunne. Doki 425 na 1970 ba shi ne doki 425 na 2008 ba. A da, ana ɗora injin ne tsirara a kan benci a auna shi, babu salansa, babu matatar iska, babu janareto ko famfon da yake ja. Daga 1972 aka koma auna inji da duk kayan da zai ɗauka a cikin mota. A 1971 Chrysler da kanta ta buga lissafin biyu na wannan Hemi: 425 a tsohon awo, 350 a sabo. Akwai masu cewa kamfanin ya ɓoye wani ƙarfin da gangan don gudun 'yan inshora, kuma maganar tana yawo har yau. Ko ma dai yaya ne, agogo ba ya ƙarya. Amurkawa suna gwada irin waɗannan motoci ne a miƙaƙƙen fili mai tsawon rubu'in mil, mita 402. Tsohuwar Hemi tana cinye shi a sakan 13 zuwa 14. A shekarun ƙarshe na sabuwar kuwa, Challenger mafi araha, mai silinda shida kacal, doki 300 da 'yan kai take da shi a sabon awo. Ta zuwa cefane ke nan ta kusa kamo dodon jiya.

Daga nan sai Dodge ta shiga abin da ni dai zan kira ganganci mai lasisi. A samfurin 2015 ta fito da Hellcat, inji lita 6.2 da wata na'ura a samansa da ke ɗura masa iska da ƙarfin tsiya, doki 707. Makulli biyu ake ba mai ita: baƙi yana tsayar da ƙarfin a doki 500, ja kuma yana sakin komai. A 2018 aka yi Demon, doki 840 idan an sa mata man tsere, guda 3,300 kaɗai. An sayar da ita da kujerar direba ita kaɗai. In kana son ta fasinja, ka ƙara dala ɗaya. Ta yi rubu'in mil a sakan 9.65. Ta ƙarshe, Demon 170 ta 2023, doki 1,025 da man da aka haɗa da sinadarin itanol, sakan 8.91. Ku tuna, mota ce mai lamba, wadda doka ta yarda a hau titi da ita.

Amma in an ɗaga sabuwar aka leƙa ƙarƙashinta, ba jinin Detroit zalla ba ne. A Brampton ta ƙasar Kanada, kusa da Toronto, aka ƙera ta. Kuma da yake Chrysler ta yi zaman haɗin gwiwa da kamfanin Daimler na Jamus mai ƙera Marsandi daga 1998 zuwa 2007, tsarin ƙafafunta da giyarta ta farko mai sarrafa kanta daga Marsandi aka gado su. Ta fi tsohuwar tsawo, ta fi ta tsayi da kimanin santimita 15, ta fi ta nauyi sosai, don ta doshi kilo 1,900. In aka jera su sai tsohuwar ta zama ƙarama. Tayar da can inci 14 ko 15 ce, ta sabuwar kuwa ta kai 20.

Ina nauyin ya fito? A nan nake so mu ɗan zauna, domin wannan ne ya shafe mu kai tsaye.

Sau nawa kuka ji ana cewa motocin da su ne motoci, ƙarfe ne na gaske, na yanzu kuwa gwangwani ne, da an taɓa sai su lotse? Ana faɗar wannan a kowace tasha. Gaskiya ne bodin da ya fi kauri. Amma lotsewar nan da ake raina wa, ita ce take ceton rai. Injiniyoyi da gangan suke tsara gaban mota da bayanta su murƙushe, su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma a ɗaure shi da ƙarfe mai tauri don kada ya motsa. Tsohuwar mota ba ta da wannan tsari. Idan gabanta bai shanye bugun ba, ƙirjin direba ne zai shanye.

An gwada wannan a fili. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce tana gudun kilomita 64 cikin awa, da mutum-mutumi a mazaunin direba. Tsohuwar, mai kaurin bodi, ɗakinta ya rufta, sitiyari ya yi kan direba. Sabuwar gabanta ya dagargaje, amma ɗakin direba yana nan, kuma awon ya nuna raunin bai wuce na ƙafa ba. Hoton bidiyon yana intanet, duk mai waya zai iya nema ya gani da idonsa.

Challenger ta 1970 ta fi Bel Air ɗin nan ci gaba, don tana da bel, kuma sandar sitiyarinta tana lanƙwashewa in an yi karo. Amma babu jakar iska ko ɗaya. Birkinta na asali na ganga ne a duka ƙafa huɗu, mai faifai a gaba sai ka ƙara kuɗi. Birkin ganga kuwa duk direban da ya sauko gangara da kaya ya san halinsa: in ya yi zafi sai ka taka ka ji shiru. Bayanta a kan sifirin mai ganye yake irin na a-kori-kura. Tayoyinta sirara ne, ba sa riƙe kwalta. Mota ce da ta iya tashi, ba ta iya tsayawa ba, ba ta kuma son kwana. Sabuwar tana da birki mai faifai a ko'ina, da na'urar hana taya kullewa, da jakunkunan iska a gaba da gefe, da kwamfutar da ke lura in motar ta fara zamewa ta rage mata wuta.

Sai dai kada wani ya ce to shi ke nan, sabuwar ba ta kisa. Ita wannan cibiya ta IIHS ta fitar da rahoto a 2023 kan yawan direbobin da ke mutuwa a kowane irin mota, kuma Challenger tana cikin na sama-sama, tare da ƙananan motoci masu arha. Su ƙananan, ƙanƙantarsu ce matsalar. Ita kuwa babba ce mai nauyi, mai duk kayan kariya. Abin da masu binciken suka nuna shi ne yadda ake tuƙa ta da irin tallan da ake yi mata. Injiniya ya yi nasa. Ƙafar da ke kan totur ba shi ya ƙera ta ba.

Ta ina tsohuwar ta fi? Ta wajen gyara, babu musu. Makanike mai sifana da sukudireba da kunne mai kyau zai iya tada ita a gindin bishiya. Sabuwar sai an jona mata kwamfuta ta faɗi ciwonta, kuma wata 'yar na'ura da ba ta kai ɗan yatsa ba tana iya ajiye ta wata guda ana jiran kaya daga waje. Ta kuma fi ta wajen wanda aka yi ta dominsa. A 1970 abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara a Amurka bai kai dala 10,000 ba, Challenger mai ƙarfi kuma dala dubu uku da 'yan kai ce, saurayi mai aikin masana'anta yana iya ɗaukar bashinta. Ta 2008 ta fara ne da kusan dala 40,000, Demon 170 kuma ta doshi 100,000. An yi ta farko don saurayi. Ta biyun an yi ta ne don wannan saurayin bayan ya yi furfura.

Ita tsohuwar yanzu ta fi ƙarfin kowa. Akwai wata baƙar Hemi ta 1970 da wani ɗan sandan Detroit ya riƙa fitowa da ita da dare yana cinye tseren titi ya ɓace, har aka sa mata suna Black Ghost. A 2023 an yi gwanjonta a kan sama da dala miliyan ɗaya. Wanda ya sayi irin wannan ba zai je kasuwa da ita ba.

A ganina, in dai mota ake magana, abin hawa da zai kai ka ya dawo da kai, sabuwar ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Ta fi gudu, ta fi birki, ta fi tsare rai, hayaƙinta bai kama ƙafar na da ba, kuma wasu injunanta suna kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali don rage shan mai. Ta ma fi ta daɗewa a kasuwa: shekara biyar ta farko ta yi, ita kuwa ta yi sha biyar da ɗoriya, ta tsallake karyewar Chrysler a 2009, har a 2021 ta fi Mustang ciniki a Amurka.

Amma abin da ya ci uwar shi ya ci 'yar. Dokokin hayaƙi da na tattalin mai sun ƙara tsanani, kamfanin da ya gaji Chrysler, wato Stellantis, ya biya tara mai yawa saboda motocinsa sun cika shan mai. Ranar 22 ga Disamba, 2023, Challenger ta ƙarshe ta fito daga Brampton. Wadda ta maye gurbinta, Charger Daytona, da lantarki take tafiya, kuma da yake ba ta da gurnani, sai aka sa mata na'urar da ke kwaikwayon ƙarar inji. Masu saye da yawa ba su gamsu ba, kamfanin kuma ya biyo da wata mai fetur mai silinda shida.

Kafin mu rufe, kalma biyu ga namu. Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasashenmu a gwanjo, kuma cikin motocin da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda suka yi haɗari can, inshora ta sallama su, aka gyara bodi aka fesa fenti. Alhaji, in za ka saya, ka sa a duba lambar jikin motar a intanet a ga tarihinta, ka kuma sa makanike ya tabbatar jakunkunan iskan suna nan, ba a cire an toshe gurbin ba. Babbar Challenger a cikin gari lita ɗaya ba ta kai ka kilomita shida, ka yi wannan lissafin tun kafin ka biya. Samari masu wasan mota a wajen biki, titin unguwa akwai yara a kansa, ku bari. Malam direba kuma, ko wace iri kake ja, ka ɗaura bel, ka sa na kusa da kai ma ya ɗaura, domin jakar iska ba a yi ta don ta yi aiki ita kaɗai ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)